Abin da Lokotoro Ya Ce da Abin da Nuhu Ya Gaya Mini

Allah ke saukar da cuta, Shi ke ɗauke ta, wannan ban taɓa musun shi ba. Amma akwai abin da mutane ke ɗora ma mai jinya bisa cutar, shi ne na kasa haɗiyewa har yau. Sunana Zalika. A Malanbil anka haihe ni, nan na yi aure, nan nike saida shinkafa da miyar kihi bakin tashar manyan motoci. Zan ba da labarin ciwon da ya ɗauke maigidana, don wanda ya ga irin alamun ga nashi shi san inda za shi nufa tun da wuri.

Idi sunanshi, ko da yake ban taɓa kiran shi da shi ba sa'adda shike da rai. Makanike ne. Garajinshi rumfar kwano ce kusa da gada, inda kamiyo, manyan motocin kaya masu ƙetarawa Gaya, ke jeruwa suna jiran duwan, wato 'yan kwastan, su sallame su. Mutum ne mai ƙarhi, shi kaɗai ke tada tayar kamiyo tsaye shi mirgina ta. Hannunshi kullum cikin isansi, man mota ke nan. Da shi shike wanke ƙarahuna, da shi shike wanke baƙin mai daga jikinshi, in tanki ya toshe kuma da baki shike jan shi ta tiyo shi tofar. Ko tuwo ya gutsura, sauran sai ya yi warin isansi.

Su uku ne ga uwarsu. Yaya Hamidu, babbansu, na Garu shina noman albasa, Inna na wurinshi. Autansu Nuhu kuwa hannuna ya tashi. An kawo mini shi ina amarya, bai hi shekara takwas ba, don shi shiga lakwal, makarantar boko. Ni na riƙa cire mishi ƙaya, ni na riƙa ƙulla mishi ƙosai kullum sahe. Maigida ya ɗauki nauyin karatunshi har ya zama komi, mai cika ma 'yan kasuwa takardun duwan. Duk danginmu shi kaɗai ke jin Faransanci ƙwarai. In shina magana da jandarma, nakan tsaya nesa ina jin daɗi kamar ni na haihe shi.

Cikin shekarun ƙarshe na mulkin soja abin ya faru, lokacin da ake ce ma kowa kamarad, wato abokin gwagwarmaya, ma'aikata kuma na yin wata da watanni ba albashi. An fara cire albasa, zahi ya kama. Makon farko gajiya ce kawai. Maigida ya dawo da azahar, abin da bai taɓa yi ba, ya kwanta gindin itacen bedi ya ce ƙafafunshi sun yi nauyi. Daga gida zuwa gada, tahiyar da shike yi shina waƙa, ta koma sai ya zauna bisa hanya ya maida numfashi. Mako na biyu zazzaɓi ya shigo. Munka ce sauro ne, wa ke zaune bakin kogi bai san shi ba? Ya sha nibakin, maganin zazzaɓin sauro, har kunnenshi ya toshe. Zazzaɓin shi sauka da sahe, shi dawo da la'asar.

Cikin mako na uku na fara jin tsoro. Ya yi asuwaki, na ga ya tofar da jini. Na ce shi buɗe baki in gani. Dasashinshi ya kumbura har ya fara hawa bisa haƙora, ko yatsa ka sa sai jini. Cikin leɓenshi akwai ɗigo-ɗigo ja, ƙanana kamar an yayyafa barkono. Da na zo shafa mishi man kaɗe sai na iske tabo baƙi-baƙi ga cinya da damtse, kamar wanda anka yi ma duka, alhali ko tuntuɓe bai yi ba. Wani ɗan yanka da kwano ya yi mishi ga yatsa ya ƙi warkewa, ya yi ruwa. Shina cewa ƙasusuwanshi na ciwo daga ciki, musamman ƙirji da ƙugu.

Masu shawara ba su yi ƙaranci ba. Wata ta ce shawara ce, a ba shi saiwa. Wani ya ce basir ne ya hau sama. Wata maƙwabciya ta ce a dama tumatirin gwangwani da madara, jini zai dawo. An sha rubutu, an yi hayaƙi. Yaya Hamidu ya zo bisa kekenshi, ya dube shi ya ce mataccen jini ne ya taru, a kira wanzami shi yi mishi ƙaho.

Wannan ƙahon shi ya kusa kashe shi tun ba a je ko'ina ba. Wanzami ya yi tsaga ga baya da hantsi. Har la'asar jini bai tsaya ba. An sa toka, an sa auduga, an ɗaure da zane, zanen ya jiƙe. Wanzamin da kanshi ya tattara kayanshi ya ce, "Uwar gida, shekarata talatin ina aikin ga, ban taɓa ganin jinin da ya ƙi daskarewa haka ba. Ku kai shi asibiti."

Majo, babban mai allura na garinmu, ya ja fatar idonshi ƙasa. Fara fat, kamar cikin ƙwarya sabuwa. Ya danne tsagar ya naɗe, ya ce wannan ya hi ƙarhinshi, mu tahi Kandi. A Kandi anka ɗebi jinina anka ƙara mishi kwalba guda, sunka ce su ma mu wuce Faraku, can ke da na'urar duba jini da kyau.

Kahin mu bar Malanbil dangi sun raka mu tasha. Ina tuna Yaya Hamidu ya riƙe ƙofar mota ya ce da ƙarhi, kowa na ji, "Ku tahi da zuciya ɗaya. In jini ne, jininmu duka nashi ne. Aike kawai za ku yi, mota guda za mu ciko." Ya juya ga Nuhu ya ce, "Kai ne kunnensu, kai ne bakinsu." Na ji sanyi cikin raina. Na ce wanda ke da irin waɗanga 'yan'uwa bai yi maraici ba.

A Faraku mun yi yini guda bisa layi kahin a ba mu gado. Masu jinya na kwana gindin mangwaro da tukwanensu, ni ma na samu wurina na kafa murhu. Komi saye ake yi, har auduga da allura. Tumakina biyu da na saida kahin mu taso, kuɗɗinsu bai ga ƙarshen mako na biyu ba. Likitan da ya karɓe mu, lokotoro muke ce musu, saurayi ne daga kudu, siriri mai tabarau, bai jin Hausa, bai jin Dendi. Amma mutumin kirki ne, ba zan ci haƙƙinshi ba. Ya duba baki, ya latsa ciki, ya sa anka ɗebi jini. Ya tambayi aikin Maigida, Nuhu ya gaya mishi, na ga ya ɗaga kai ya sake tambaya.

Washegari ya ce jinin kaɗai bai isa ba, sai an ɗebo daga cikin ƙashi. Wannan awon ba zan manta da shi ba. Anka kwantar da Maigida rigingine, anka wanke tsakiyar ƙirjinshi, anka yi allurar kashe zahi, sannan lokotoro ya kafa wata allura mai kauri ga ƙashin ya murza. Maigida bai yi ƙara ba, ya dai riƙe ƙarhen gado har jijiyoyin hannunshi sunka tashi. Abin da anka jawo ɗan kaɗan ne, ja mai kauri. Anka shafa shi bisa ƙananan gilasai, anka ce za a aika Kwatano masana su duba, mu jira.

Mun jira wajen mako biyu. Ran da amsa ta zo, lokotoro ya kira mu ɗakinshi, ni da Nuhu. Ya cire tabarau ya aje. Ya yi magana mai tsawo, a hankali, shina nuna ƙirjinshi, shina lissahi da yatsu, shina dubana. Nuhu na sunkuye shina cewa, "Wi, dokter. Wi, dokter." Da ya gama, Nuhu ya juyo ya ce mini, "Yaya Zali, ya ce rashin jini ne ya yi yawa. In an ƙara mishi jini ya huta, zai tashi."

Na ce, "Nuhu, maganarshi ta yi tsawo, taka ta yi gajarta."

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Haka Faransanci yake, Yaya. Kewaye-kewaye ne, tuwon kaɗan miyar da yawa."

Na yi hamdala, har na durƙusa na yi ma lokotoro godiya. Na ga ya dube ni da wani irin ido, na ɗauka tausayi ne na mai ilimi ga baƙauya. Da munka hito na ce ma Nuhu, tunda jini ake so, ni an hana ni sake bayarwa yanzu, shi fara ba da nashi. Ya ce ai tun jiya an gwada, nashi bai dace da na Maigida ba. Ya ce gara shi koma gida shi tattaro mutane, cikin kwana biyu za mu gan su. Ni na ƙulla mishi guzuri.

Daga nan jira ya fara. Maigida ya sa anka juya mishi gado shina kallon ƙofa. Duk wanda ya shigo da babbar riga sai shi ɗaga kai. Kullum in na kawo kunu tambayarshi guda ce: "Motar Malanbil ta shigo?" Na yi aike ta bakin direbobi. Amsa ta dawo, suna nan tahe, sai an gama cire albasa. Na sake aike, anka ce sai bayan kasuwa. Maigida shi ke ba su uzuri. "Ki yi musu haƙuri," in ji shi, "albasa ba ta jiran mutum. Ni ma da na samu jinin nan, mako guda na koma garaji."

Jikin kuwa sai ƙasa shike yi. Haɓo ya zama na kullum. Baki ya yi gyambo har kunu sai da ƙaramin cokali. Zazzaɓi in ya taso, gadon da kanshi ke rawa. Na saida 'yan kunnena na biya wani mai tura amalanke dala ɗari shida ya ba da kwalba guda. Ta tada shi zaune kwana kaɗan, ta ƙare kamar ruwa cikin rairayi. In lokotoro ya zagayo shikan tsaya shi yi mini magana, shina nuna hanyar arewa da hannu. Ni kuwa in ce, "Suna tahe, suna tahe," don na ɗauka masu ba da jini shike tambaya.

Haka munka ci mako uku. Ran nan ina wanke kwanoni gindin mangwaro sai ga Hajiya Mariyama, wata mai fataucin albasa daga unguwarmu, ta kawo kaya Faraku ta biyo ta gaishe mu. Ta aje lemu, ta kama hannuna biyu ta fashe da kuka.

"Sannu Zalika, sannu da ƙarhin hali. Allah shi sa shi cika da imani. Tun ran da Nuhu ya dawo ya ce ba magani, ban yi barcin kirki ba."

Na ce, "Ba magani ga wa?"

Ta saki hannuna. Ta dube ni, na dube ta. Ta ce, "La ilaha illallahu. Ba ki sani ba?"

Na zaunar da ita na ce ba ta tashi sai ta amayar da duk abin da ke cikinta. Ta ce Nuhu ya tara dangi a Garu ya gaya musu ciwon ba ya warkewa. Yaya Hamidu ya yanke cewa ba wanda zai tahi, don zuba ruwa ne cikin kwando, ga mutane na tsakiyar aiki suna bukatar ƙarhinsu. Ya ce kada a gaya mana, kada a gaya ma Inna. Har rumfar garaji an ba wani makanike haya da kayan aikin da ke ciki. Kuma da yake dangi na ƙus-ƙus ba su faɗin sunan ciwon, gari ya sa mishi suna da kanshi. Ana cewa sabuwar cutar nan ce da ake faɗi a rediyo, sida, wato ƙanjamau. Ta ce ɗiyata Ramatu in ta je rijiya, mata na janye gugansu.

Ban yi kuka ba. Na ɗauraye hannuna na shiga ɗakin marasa lahiya. Gadon da ke kusa da namu na wani tsohon jandarma ne mai ciwon ƙafa, mutumin kudu, ya taɓa aiki a gadar Malanbil ya iya Hausar bariki. Na durƙusa gabanshi na ce, "Baba, ara mini kunnenka da bakinka." Ya ɗauki sandarshi, ya ɗingisa har ɗakin lokotoro.

Da Baba Jandarma ya gaya mishi abin da Nuhu ya ce mini, lokotoro ya dafe kai. Ya jawo mini kujera da hannunshi. Wannan karon in ya faɗi kaɗan sai shi tsaya, Baba shi juya mini, sannan shi ci gaba.

"Ya ce cikin ɓargon ƙashi ake yin jini. Jinin kashi uku ne: mai ba da ƙarhi, mai yaƙi da cuta, da mai tsaida zuba in an ji rauni. Ɓargon mijinki ya rikice, shina zubo 'ya'yan jini ɗanyu, waɗanda ba su nuna ba, ba su aikin komi. Sun cika wurin sun hana na kirki hitowa. Shi ya kawo gajiya, shi ya kawo zazzaɓin da bai jin magani, shi ya kawo zubar jini. Sankara ce ta jini, irin mai sauri."

Na ce shi faɗa mini sunanta da bakinsu. Na sa ya maimaita har ya zauna mini: lesemi egu miyeloyid. Ban san Faransanci ba, amma waɗannan kalmomi uku da su za a binne ni.

Na tambaya ko sammu ne. Ya ce a'a. Ko sida ce? Ya ce ko kusa, kuma ba a ɗaukar ta ga kwano, ko ga shimhiɗa, ko ga guga. Na ce to mi ya kawo ta? Ya ce akwai wani abu cikin isansi da anka san shina ɓata ɓargo in mutum ya daɗe shina shaƙa shina wanka da shi, shi ya sa ya tambayi aikinshi. Amma ba zai rantse shi ne ba, don da yawa na kamuwa ba su taɓa kusantar mai ba, kuma galibi ba a sanin dalili. Magani mai ƙarhi akwai shi ƙasar Turawa, can ma ba kowa ke tashi ba, nan kuwa babu. Abin da ke hannunshi jini ne da maganin zazzaɓi. Jini ba ya warkarwa, amma shina ƙara kwana, shina ba mutum ƙarhin zama shi yi magana da nashi.

"Ya ce duk wannan ya gaya ma ƙanen mijinki gabanki. Ya ce ku zaɓa, ko ku kawo masu ba da jini, ko ku kai shi gida shi ƙarasa cikin iyalinshi. Kullum in ya nuna miki arewa, tambayarki shike yi mi kunka yanke."

Saura tambaya guda. Na ce, "Jinin Nuhu da bai dace ba fa?"

Lokotoro ya girgiza kai. Baba Jandarma ya juyo gare ni ya ce, "Ɗiyata, ya ce yaron bai taɓa miƙa hannu an gwada ba."

Na dama kunu na kai ma Maigida. Ya ɗaga kai ya ce, "Motar Malanbil ta shigo?"

Na ce, "Ta shigo. Ba mai zuwa, Maigida."

Na gaya mishi duka, ban rage ko ɗaya ba, don na ɗanɗana ragi na ji yadda yake. Ya daɗe shina kallon rufin ɗaki. Ya ce, "Tun yaushe sunka sani?"

"Tun ran da amsa ta zo daga Kwatano."

"Nuhu da bakinshi?"

"Da bakinshi."

Hawaye ya gangaro mishi ta gehen ido ya shiga kunne. Tun da anka ɗaura mana aure ban taɓa ganin hawayenshi ba sai ran nan. Ya ce, "Juya mini gadon ga. Na gaji da kallon ƙofa." Da na juya, ya ce, "Ki kai ni gida in ga Inna."

Lokotoro ya ce in ba a ƙara mishi jini ba, hanya za ta kashe shi. Na yafa gyale na nufi tashar kamiyo ta Faraku, na tsaya tsakiyar maza na ɗaga murya, ni da ban taɓa yi ba. Na ce Idi makaniken gada na kwance shina bukatar jini, wa ya san shi? Wani direba Bazabarme, Saini, mai ɗaukar albasa daga Gaya, ya aje kofin shayinshi ya ce, "Idi na bakin duwan? Shina garin ga ba mu sani ba?" Su huɗu sunka biyo ni, jinin biyu daga cikinsu ya dace. Allah shi saka musu da Aljanna. Abin da ke ci na har yau shi ne, tashar nan tana nan tun ran da munka zo. Da na san gaskiya, da tun mako uku baya na je, ban zauna jiran jinin dangi ba.

Saini ya shimhiɗa mishi buhunan wohi bayan kamiyo, ya tuƙa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Jandarmomin hanya in sun leƙa sunka gan shi, sai su ɗaga mana hannu. Da munka shigo Malanbil ta gaban garaji, Maigida ya ce in tada shi. Wani baƙo na tsugune ƙarƙashin rumfarshi da babbar sifanarshi ga hannu. Ya duba, ya duba, ya ce, "Ko riƙon ta bai iya ba." Ya koma ya kwanta.

Anka ɗauko Inna daga Garu bisa amalanke. Idonta ya riga ya yi rauni, da hannu ta shafa huskarshi. Ta ce, "An ce mini kana samun sauƙi, har ka fara cin nama." Yaya Hamidu ya tsaya zaure shina karɓar masu gaisuwa, bai yarda mun haɗa ido ba.

Nuhu sai da ya kwana biyu sannan ya zo. Ya tsuguna bakin ƙofa. Maigida ya ce, "Shigo. Zauna nan kusa. Gaya mini abin da lokotoro ya ce."

"Yaya, wallahi Yaya Hamidu ne ya ce..."

"Ban tambaye ka Hamidu ba. Hamidu bai shiga ɗakin nan ba. Lokotoro na tambaye ka."

Nuhu ya faɗi. Ɓargo, jini kashi uku, isansi, zaɓi biyu, bai manta komi ba, kamar mai ba da hadda. Wannan ya hi komi yi mini ciwo. Da ma a ce bai gane ba ne. Da ya gama ya kihe kai bisa tabarma shina kuka, shina cewa bakinshi ne ya yi nauyi, ya ga huskata ya kasa, daga baya kuma kunya ta hana shi komawa. Jini kuwa tsoro ya ji, an ce shina rage ma namiji ƙarhi, ga aurenshi ya matso.

Maigida ya ce, "Mutuwa ba kai ka kawo ta ba, ba ka iya tsaida ta. Amma kwanakin da sunka rage mini nawa ne, ba naka ba. Ka ɗauke su ka ba ƙofa." Ya huta, ya ce, "Nawa na yahe maka. Na Zalika kuwa, ita ke da abinta."

Bai cika mako biyu a gida ba. Amma cikin kwanakin ya yi abin da shike so. Ya yi wasiyya gaban liman, ya sa anka maido kayan aikinshi, ya ɗora yara bisa ƙafarshi, ya ci ɗan kihin da Inna ta ɓare mishi da hannunta. Zazzaɓi ya taso ranar wata Talata bai sauka ba, jini ya ɓalle ta hanci da baki. Da hantsin Laraba ya cika, kanshi bisa cinyar uwarshi.

Wurin zaman makoki ina bayan zana cikin takaba, ina jin maza. Wani ya ce, "An sha wahalar jinya." Na ji muryar Yaya Hamidu ya amsa, "Babu abin da ba mu yi ba. Har jini munka bayar, kwana ne ya ƙare." Anka ce, "Allah shi ba da lada." Ta ƙofar zana na hango Saini cikin masu gaisuwa. Ya tashi ya sa takalminshi ya hita.

Da na hita takaba na koma tasha, tukunyata ta yi kwanaki tana komawa gida cike, don sunan da gari ya sa ma ciwon bai goge ba. Direbobin nan su sunka riƙa zama bisa bencina suna ci a bainar jama'a, har mutane sunka dawo. Ba ɗan'uwa ɗaya da ya tsaya kasuwa ya ce ƙarya ne.

To, ga abin da zan ce ma mai saurare. In ka ga gajiyar da ba dalili, da zazzaɓin da ya ƙi jin magani, da dasashi mai jini, da tabo ba duka, kada ka kira wanzami, kada ka cire haƙori. Ka je a duba jini, in an ce sai an shiga ƙashi ka yarda. Masu aikin mai su bar jan shi da baki, su bar wanka da shi. An ce yanzu magani ya ƙaru ba kamar zamaninmu ba, to sai a yi sauri, ciwon ga ba ya jira. Kuma kada ku ɓoye ma marar lahiya da mai jinyarshi gaskiya da sunan tausayi. Wanda ya ce tausayinku ya ji, sau da yawa kanshi ya tausaya ma.

Nuhu na nan da rai, ya yi hurhura, ya aje aiki. Duk azumi shina aiko mini da sukari, ina karɓa. 'Ya'yanshi na cin tuwo gidana. Bara idona ya yi yana, ya ce shi zai raka ni asibiti, ban hana shi ba. Wata lokotoro ta haska mini ido ta yi bayani da Faransanci. Nuhu ya gyara zama ya buɗe baki zai juya mini.

Na ce, "Dakata. Kira mini wani."

Ya dube ni. Ya dafa gwiwa ya tashi, ya hita baranda da kanshi, na ji shi shina tambayar mutanen da ke bisa layi ko akwai mai jin Faransanci.